FILIN LAFIYA: Zama da ciwon sankarar jini

Maganar wannan wata a kan wani ciwo ce mai daɗewa, wanda ake kira sankarar jini, ko kansar jini. Ba ciwon kwana 3 ba ne. Wanda ya same shi zai zauna da shi wata da watanni, wani ma shekara da shekaru. Ba da magani aikin lokotoro ne. Amma akwai kayan da lokotoro ba ya iya ɗaukar ma mutum: tsoro, da gajiya, da tunanin kuɗi, da maganar mutane. Yaya ake ɗaukar wannan kaya kullum ba a faɗi ba? Ga misali.

LABARIN WANI MANOMI

Wani magidanci ne a wani gari na ƙasar Maraɗi. Shekarunshi sun kai 45. Yana da mata da ɗiya 6, da gona 2, da ƴan awaki. In an yi gayya shi ake fara kira, don ba ya ajiye hauya sai an kai ƙarshen gona.

Wata damana, sai ƙarfi ya fara guje mashi. In ya yi noma kaɗan, sai haki. Da dare zufa ta jiƙa tabarma. In ya ci loma 3 ta tuwo, sai ya ji ya ƙoshi. Gefen cikinshi na hagu ya yi nauyi kamar an sa dutse. Ya ce masassara ce, ya sayi ƙwayoyi wurin mai talla. Ba sauƙi. Wasu suka ce shawara ce. Wasu suka ce sammu ne, wai don gonarshi ta fi ta kowa kyau. Ya sha saiwoyi. Wanzami ya yi mashi tsaga a ciki, jini ya daɗe bai tsaya ba. Kafin kaka, akuya 2 sun tafi.

Ƙanenshi ne ya matsa. Ya ce: "Yaya, mun gwada na gida. Mu je likita." A ƙaramar likita anfirme ya taɓa cikin, ya ce saifa ce ta kumbura ƙwarai. Ya ba su takarda zuwa babbar likita. Can aka yi awon jini, aka tura su Yamai. A Yamai aka ɗebi ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu da allura, aka duba. Lokotoro ya zaunar da su, ya ce: "Malam, sankarar jini ce, irin mai tafiya sannu. Akwai ƙwayar da ke riƙe ta. Za ka sha kullum ba fashi, kuma ka riƙa dawowa awo."

Bayan wata 2 saifa ta sauka, abinci ya fara shiga. Mutanen gari suka ce ya warke. Amma shi ya san ciwon na nan. Da dare ba ya barci. Ya daina zama gindin itace da abokai. In yara sun yi wasa kusa da shi, sai ya daka masu tsawa. Ciwon jiki ya lafa, ciwon zuci ya tashi.

MENE NE WANNAN CIWO?

Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinshi. A cikin ɓargon ƙashi ake yin jini. Ɓargo kamar gona yake, yana ba da iri 3.

Na ɗaya, jajayen ƙwayoyi. Su ke kai iska ko'ina cikin jiki. Kowace tana yin kamar kwana 120, wato tsawon damana guda, sannan wata ta gaje ta.

Na biyu, fararen ƙwayoyi. Su ne sojojin jiki, masu yaƙi da cuta.

Na uku, ƙananan ƙwayoyi masu tsayar da jini in an ji rauni.

A cikin ɗigon jinin da bai kai girman ƙwayar hatsi ba, mai lafiya yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4.000 da 10.000. Mai irin ciwon wannan manomi yana iya samun fiye da 100.000. Amma yawansu ba ƙarfi ba ne. Lalatattu ne. Sun cika ɓargo kamar yadda ƙuduji ke cika gona ya hana hatsi tashi. Shi ya sa mai ciwo ke gajiya, cuta na saurin kama shi, jini na saurin zuba. A shekarar 1845 wani lokotoro na ƙasar Jamus, Rudolf Firko, ya duba jinin mai wannan ciwo, ya kira shi farin jini. Amma ba farin jinin da Bahaushe ke roƙo ba ne.

Sankarar jini iri 3 ce manya. Ga sunayen da ake ji a bakin ma'aikatan likita.

Lusemi: a ɓargo da jini take. Akwai mai gaggawa, wadda ke kayar da mutum cikin ƴan makonni, ita ce ta fi kama yara. Akwai mai tafiya sannu, wadda ta fi kama manya.

Lanfom: kaluluwa ce ke kumbura a wuya, ko hammata, ko matsematsi, yawanci ba zafi, kuma ba ta sauka. Akwai irin da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yaro da sauri ƙwarai. Wani lokotoro mai suna Denis Barkit ya bayyana ta a ƙasar Uganda a 1958. Ta fi yawa a ƙasashen da masassarar sauro ta yi yawa. In an kai yaro da wuri, ana iya warkar da ita.

Miyelom: ta fi kama tsofaffi. Tana kawo ciwon baya da na ƙashi, tana iya taɓa ƙoda.

Kowace iri da nata magani. Wata ƙwaya ce, wata allura da ƙarin ruwa, wanda ake kira shimiyo. Ƙwayar da manomin ke sha sunanta imatinib. A 2001 aka fara ba da ita ga jama'a. Kafin ta fito, yawancin masu irin ciwonshi ba sa wuce ƴan shekaru. Yanzu da yawa daga masu shan ta kullum suna ganin tsufansu. A Yamai akwai sashen ciwon jini a babbar likitar ƙasa, akwai kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara. A watan Maris na 2021 aka buɗe na'urar haske mai ƙona sankara a wannan cibiya.

ABIN DA CIWON BA SHI NE BA

Rabin tsoro daga rashin sani yake. To, a riƙe waɗannan.

Ba a ɗaukar sankarar jini. A ci ƙwarya ɗaya da mai ita, a gaisa, a kwana ɗaki ɗaya, ba komai.

Ba sida ba ce. Ba amosanin jini ba ce, wanda ake gada daga uwa da uba. Mafi yawan masu sankarar jini ba su gaje ta ba, kuma ba za su bar ta gado ba.

Ba sammu ba ce, ba bakin wani ba ne. Ba don mutum ya yi laifi ta same shi ba. Tana kama Bature, tana kama Basine, tana kama mai kuɗi da talaka.

KAYA NA ƊAYA: TUNANIN DARE

Da rana aiki da mutane suna ɗauke hankali. Da dare sai tunani ya zo. Manomin yakan kwanta yana lissafi: wa zai noma gona? Wa zai aurar da ƴan mata? Har asuba.

Matarshi ta lura. Wani dare ta ce: "Malam, ina jin juyinka. Abin da ke hana ka barci ni ma yana hana ni. Faɗa mani." Ya yi shiru, sannan ya faɗa. Tun daga ranar, bayan sallar isha'i sukan zauna kaɗan su yi maganar. Abin da ke da mafita su ce gobe za a yi kaza. Abin da ba ya hannunsu su bar ma Allah. In sun tashi, magana ta ƙare sai gobe.

Wannan dabara ce mai kyau. A ba damuwa lokacinta, kar ta cinye dukan dare. In zuciya ta fara bugawa da ƙarfi, a zauna, a ja numfashi a hankali ta hanci ana ƙirga 4, a sake shi ta baki ana ƙirga 6. A yi haka sau 10. A bar shayi mai ƙarfi da goro in la'asar ta wuce. Addu'a da jan tasbaha suna kwantar da zuciya. Tafiya suke tare da magani, ɗaya ba ya korar ɗaya.

KAYA NA BIYU: GAJIYA

Gajiyar wannan ciwo ba irin ta wanda ya wuni a gona ba ce. Barci ba ya kashe ta duka. Kuma ba lalaci ba ne. Abin da ya fi ƙona ran manomin shi ne ya ga sa'o'inshi sun wuce da hauya shi yana zaune.

Ƙarfin mai ciwo kamar hatsin rumbu ne a shekarar da ba a samu da yawa ba. Aunawa ake yi. Aikin da ya fi muhimmanci a yi shi da safe, da sanyi. In rana ta yi zafi a huta. Ranar da aka ji daɗin jiki kar a ce sai an rama na jiya, don gobe jiki zai karɓi bashinshi. Amma kwanciya wuni guda ita ma tana ƙara gajiya. Ƴar tafiya kullum, zuwa masallaci ko bakin garka, tana ƙara ƙarfi da son abinci.

Mai ciwo ya nemi aikin da yake iyawa: zaɓen iri, tufkar igiya, gyaran kota, lissafin rumbu, koya ma yara kiwo. Wanda ke da abin yi ba ya jin an zubar da shi.

Kar a sha taramol don neman ƙarfin noma. Ƙarfin aro ne, yana ɓoye ciwo, kuma yana kama mutum.

A ci abinci kaɗan kaɗan, sau da yawa: kunu, tuwo, wake, gujiya, zogale dafaffe, ƙwai, kifi ko nama in an samu. A ci da zafinshi. A sha ruwa mai tsabta da yawa, in na rijiya ne ko na tabki a tafasa shi. Makiyaya su lura: madara ɗanya tana iya ɗauke da cuta, a tafasa ta kafin a yi nonon da mai ciwo zai sha. Lokacin da lokotoro ya ce fararen ƙwayoyi sun yi ƙasa, mai ciwo ya bar kwasar taki da karɓar haihuwar dabba ga wani. Ya kwana cikin sange kullum, ya riƙa wanke hannu da sabulu.

KAYA NA UKU: KUƊI DA TAFIYA

Yamai ba kusa ba ce. Daga Tawa kamar kilomita 550 ne, daga Maraɗi kamar 660, daga Damagaram kusan 900. Ga kuɗin mota, ga na awo, ga na abinci, ga na mai rakiya.

Nan ne manomin ya yi kuskure. Randebu ya zo lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya ji kunyar sake roƙon ƙanenshi. Ya ce a ranshi: ai jiki ya yi sauƙi. Ƙwaya ta ƙare, bai faɗa ma kowa ba. Bayan wasu makonni zufar dare ta dawo, gefen ciki ya fara nauyi. Tsoro ya kama shi. A ɓoye ya fara neman mai sayen gonarshi ta fadama.

Labari ya kai kunnen ƙanenshi. Ya zo da magariba, ya ce: "Yaya, in ka sayar da gona bana, baɗi me za ka sayar? Ciwon nan ba naka ba ne kai ɗaya." Aka tara dangi. Aka lissafa tafiya nawa ake yi a shekara, da abin da kowace ke ci. Ƙane ya ɗauki kuɗin mota. Ɗan yayarshi da ke ci-rani ya ce zai riƙa aikowa. Mata ta shiga adashe, ta roƙi a riƙa ba ta kwasa kusa da ranar tafiya. Aka ware tunkiya guda, aka ce ƴaƴanta na magani ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da suka koma, manomin ya faɗa ma lokotoro gaskiya. Lokotoro ya ce: "Malam, ƙwayar nan kamar dangar garka ce. Ranar da ka cire ta, awaki za su shiga. Kuma in ana sha ana bari, ciwon yana iya daina jin ta." Aka yi sa'a, ta sake kamawa.

Ga abin da ya kamata a sani. A 2006 gwamnati ta ɗauki matakin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A watan Agusta na 2024 ta yanke shawarar rage rabin kuɗin ganin lokotoro, da na awo, da na kwanciya a likitocin gwamnati, daga 1 ga Satumba na wannan shekara. A manyan likitoci akwai biro na taimakon marasa ƙarfi, ana ce mashi sarbis sosiyal. A je a yi bayani, ba abin kunya ba ne. Akwai kuma shirin taimako na duniya da ke ba da ƙwayar imatinib kyauta ga marasa ƙarfi a ƙasashe da dama. A tambayi lokotoro ko za a iya rubuta sunan mai ciwo. A tambaye shi kuma ko akwai awon da za a iya yi a likitar jiha, don a rage tafiya. Matambayi ba ya ɓata.

KAYA NA HUƊU: RANAR AWO

In randebu ya matso, masu wannan ciwo da yawa sukan rasa barci da cin abinci. Suna tsoron abin da awo zai nuna. Haka abin yake ga kowa, ba rashin tawakkali ba ne.

Abin da ke rage shi shiri ne. A ajiye karne da dukan takardun awo cikin leda guda, nesa da ruwa da gara. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta abin da aka ji a jiki da ranar da aka ji shi. A rubuta tambayoyi tun daga gida, don gaban lokotoro mantuwa ake yi. Wanda hannunshi bai faɗa ba tukuna, ɗanshi ya rubuta mashi. A tafi da mutum guda, kunne 4 sun fi 2. In an yi magana da Faransanci ba a gane ba, a ce a maimaita da Hausa. A karɓi lambar salula ta sashen. Kuma kar a ɓoye komai: fashin magani, saiwar da aka sha, rashin barci, har da abin da ya shafi shimfiɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Don kar a manta da ƙwaya, a ɗaura ta da abin da ake yi kullum, kamar tuwon dare. Imatinib da abinci ake shan ta, da ruwa cikin kofi babba. In an sha a ja layi a littafi. Kafin watan azumi a yi shawara da lokotoro da malami, don addini ya yi ma maras lafiya sauƙi. Macen da ke shan wannan magani ta yi magana da lokotoro kafin ta ɗauki ciki, don maganin yana iya cutar da ɗan tayi.

KAYA NA BIYAR: BAKIN MUTANE

Wani zai ce ai ka warke, me kake nema a Yamai? Wani zai ce ciwon daji ba ya son allura. Wani zai kawo labarin wanda ya mutu. Wata za ta janye ɗanta daga kusa. Shimiyo yana zubar da gashi, sai a yi ta kallo. Gashin yana dawowa in an gama magani.

Mai ciwo ba dole ne ya yi ma kowa bayani ba. Ya zaɓi mutum 2 ko 3 da ya yarda da su, su san kome. Sauran jawabi guda ya ishe su: "Da sauƙi, ina kan magani." Wanda ya kawo saiwa a gode mashi, amma kar a sha sai an tambaya, don wasu itatuwa suna ɓata aikin magani, wasu suna taɓa hanta da ƙoda.

A layin jiran awo manomin ya gamu da wani makiyayi daga ƙasar Tawa mai ciwo irin nashi, wanda ya riga shi fara magani da shekaru. Suka karɓi lambar juna. Duk Juma'a sukan gaisa. Ganin wanda ya daɗe da ciwon yana tafiya da ƙafafunshi ya fi mashi magana dubu.

KAYA NA SHIDA: MUTANEN GIDA

Yara suna gani ko ba a faɗa masu ba. In an ɓoye, sai su zaci abin da ya fi muni, wani ma ya ɗauka laifinshi ne. A faɗa masu daidai hankalinsu: Baba yana da ciwo a jini, yana shan magani, ba a ɗaukar shi, in ya yi faɗa ba ƙinku yake ba. Kar a cire yaro daga lakwal don jinya in akwai wata hanya.

Mai jinya ita ma mutum ce. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga yara, ga tunani. In ta faɗi, gida ya faɗi. Dangi su riƙa karɓar ta. Ta je kasuwa, ta je suna, ta yi dariya, ba laifi ba ne. In kuwa mace ce ke ciwon, wannan hakki ya hau kan miji da danginshi. Ba lokacin mayar da ita gidansu ba ne.

ALAMUN DA BA A JIRA

Wanda ya san lokacin gudu zuwa likita, hankalinshi ya fi kwanciya a sauran kwanaki. A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye a gida. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi nan take, ko da dare ne, a nuna karne:

1. Zafin jiki ya kai 38, ko rawar ɗari.
2. Haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa.
3. Jini a fitsari, ko baƙin kashi, ko ƙananan jajayen ɗigo a fata.
4. Numfashi ya yi wuya, ko jiri mai kayarwa.
5. Ciwon kai mai tsanani, ko rikicewar hankali.
6. Amai ko zawo da ya hana shan ruwa.
7. Ƙafafu sun mutu, ko fitsari ya tsaya.

Kar a sha asfirin, ko ibuforofen, ko dikolofenak ba da izinin lokotoro ba, suna ƙara zubar jini. A auna zafin jiki kafin a sha farasetamol, don yana ɓoye masassara. Ba tsaga, ba ƙaho, ba cire haƙori a kasuwa.

Akwai alamar zuci kuma. In mutum ya yi mako 2 cikin baƙin ciki kullum, ba abin da ke faranta mashi rai, ba ya ci, ba ya barci, ko yana cewa gara ya mutu, wannan ciwo ne na daban, kuma yana da magani. Kar a bar shi shi ɗaya. A kai shi likita a faɗa.

GA MASU ZUWA DUBIYA

Zumunta a ƙafa take. Amma a zo da hankali. Mai mura ko tari, ko wanda ke da yaro mai ƙyanda a gida, ya aiko da gaisuwa. Kar a cika ɗaki, kar a daɗe. A wanke hannu. A kawo labarin kasuwa da na ruwan sama, kar a kawo labarin mutuwa. Kar a ce in kana son wani abu ka faɗa, don ba zai faɗa ba. A ce gobe zan kawo ruwa da amalanke, ko ranar Asabar za mu shiga gonarka.

Babbar kyauta kuwa ita ce jini. Masu wannan ciwo da yawa suna bukatar ƙarin jini, kuma ba masana'antar da ke yin shi. Mai lafiya da ya kai shekara 18, mai nauyin kilo 50 zuwa sama, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata 3, mace bayan wata 4.

ƘARSHEN LABARI

Da damana ta zo, samarin gari suka yi ma manomin gayya. Shekara da shekaru shi ke noma gonar wasu, yanzu aka noma tashi. Da farko abin ya yi mashi nauyi. Matarshi ta ce: "Malam, abin da ka shuka ne ya tsiro." Ya zauna a inuwa yana gyaran kota yana raba fura.

Da kaka dammunanshi ba su kai na da ba. Amma gonar fadama tana nan. Ƙwaya tana shiga kowane dare bayan tuwo. Ciwon bai tafi ba. Har yanzu akwai daren da barci ke ƙi, musamman in ranar awo ta matso. Bambancin shi ne, yanzu ba shi ɗaya ke ɗauke da kayan ba.

A karanta wannan fili ga waɗanda ba su samu jarida ba, a tattauna tambayoyi 3. A garinku, wa ke da ciwo mai daɗewa da aka daina zuwa dubawa? In an bukaci jini yau da dare, su wa za su tashi? Akwai asusu a gari don tafiya likita?

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri. Sai wata mai zuwa.